Tsatson Afirka a Latin Amurka: Daga Boren Hausawan Bahiya Zuwa Rigimar Gonaki

Tsakanin farkon ƙarni na 16 da shekarun 1860, an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa aka tsallaka da su tekun Atilantika. Wajen miliyan 10 da dubu 700 ne suka sauka da ransu, sauran sun mutu a hanya an watsa su cikin ruwa. Ka tambayi wanda ka ga dama a Kano ko Damagaram ina aka kai mutanen nan, zai ce maka Amurka, don fina-finai da labarin su Malcolm X da Muhammad Ali sun sa mun ɗauka can ne babban masaukinsu. Alhali waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su cika dubu 400 ba. Birazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5. Tsibirin Kuba, duk ƙanƙantarsa, ya karɓi kusan ninki biyu na abin da Amurka ta karɓa. Wani kaso mai yawa ya tafi tsibiran da Ingila da Faransa suka mallaka, wani kuma aka shigar da shi ta tashoshin Cartagena a Kolambiya, da Veracruz a Meziko, da Buenos Aires a Ajantina.

Jikokin waɗanda aka sauke a ƙasashen da ke magana da harshen Sifaniya da na Fotugal su ake kira Afro-Latino. Wani rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta su miliyan 133, wato mutum ɗaya cikin kowane huɗu a yankin. A ƙidayar Birazil ta 2022, kashi 10.2 cikin ɗari sun ce su baƙaƙe ne, kashi 45.3 sun ce ruwa biyu ne, jimilla sun haura mutum miliyan 110. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihinsu shi ne yadda ƙasashen nan suka rungumi duk abin da mutanen suka samar, kiɗa da abinci da ƙwallo, har da 'yancin kan da suka zubar da jini a kansa, suka mai da shi abin alfaharin ƙasa, su kuwa mutanen aka yi ta neman dabarar da za su ɓace. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Mu kuma muna da dalili na musamman na sanin labarin, domin akwai namu a ciki.

Batun aikin da suka yi ba ya buƙatar dogon bayani. Raken Pernambuco da Bahiya, zinariyar Minas Gerais da aka gano a shekarun 1690, kofin da ya ɗaga Birazil a ƙarni na 19, sukarin Kuba, zinariyar Chocó a Kolambiya, duk da guminsu aka same su. Ba ƙarfin tuwo kaɗai aka sace daga Afirka ba, har da sana'a. Masu haƙar zinariya a Minas sun fi sa kuɗi a kan mutanen da aka ɗauko daga gaɓar Afirka ta Yamma, saboda sun yi imani sun san sirrin wankin zinariya tun daga gida. Akwai maƙera, magina, masassaƙa, makiyaya da manoman shinkafa. A 2011, ana aikin gyaran tashar jiragen ruwan Rio de Janeiro, aka tono daɓen dutse na mashigar Valongo, inda aka ƙiyasta mutum kusan dubu 900 sun fara taka ƙasar Birazil. An binne wurin shekara da shekaru a ƙarƙashin titi. A 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Tun ranar da aka fara sauke bayi aka fara gudu. A tsaunukan Alagoas na Birazil, gudaddun bayi suka kafa Palmares, ƙawancen garuruwa masu ganuwa da gonaki da sarki, wanda ya yi kusan ƙarni guda yana korar rundunonin Fotugal da na Holan kafin a ci babban birninsa a 1694. An kashe shugabansa Zumbi ranar 20 ga Nuwamba 1695, kuma wannan rana yanzu hutu ce a faɗin Birazil. A Meziko, Gaspar Yanga ya yi tsayin daka a tsaunukan Veracruz har Sifaniyawa suka haƙura suka amince wa mutanensa da garinsu, garin da a yau ke ɗauke da sunansa. A Kolambiya an rataye Benkos Biohó a 1621, amma zuriyar gudaddun bayin yankin suna nan a San Basilio de Palenque, da harshensu na kansu wanda ya cakuɗa Sifaniyanci da harsunan Kongo.

Labarin da ya kamata kowane ɗalibi Bahaushe ya sani shi ne na Salvador, babban birnin jihar Bahiya a Birazil. Daga 1804, yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka cika kasuwanni da kamammu daga ɓangarorin biyu, mayaƙan jama'a da na sarakunan Hausa, da talakawan da yaƙi ya rutsa da su. Fatake suka riƙa gangarawa da su ta Nufe da ƙasar Oyo zuwa Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko, inda jiragen Bahiya ke jira da naɗaɗɗiyar taba. Wannan ɓangare ba shi da daɗin faɗa, amma ba a tsallake shi: Bature ne ya saya, ya ɗaure, ya tsallakar, sai dai kafin mutum ya isa bakin teku ya bi ta hannun 'yan Afirka da dama. Malaman jihadi sun haramta sayar da Musulmi ga Nasara, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna batun hana cinikin da Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, a Sakkwato a 1824, amma kasuwa ta fi ƙarfin fatawa.

Mutanen da aka sauke a Salvador a waɗannan shekaru da yawansu sun san yaƙi, wasu kuma sun yi karatun allo. A cikin birni, iyayen gijinsu kan sake su su yi dako ko talla ko ɗinki, su riƙa biyan murgu, abin da ya saura su tara. Suna yin adashi don fansar kansu. Suna da wuraren zamansu a bakin titi, kowace ƙabila da nata, inda ake jiran aiki, a nan kuma ake ƙus-ƙus. A watan Mayun 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shiri na Hausawa: kowace unguwa da shugabanta, an tanadi kwari da baka da layu, kuma a cewar gwamnan, niyyarsu su ƙwace jirage su koma gida. A Janairun 1809 ɗaruruwan gudaddun bayi, akasarinsu Hausawa, suka auka wa garin Nazaré. A Fabrairun 1814 suka ƙone sansanonin masunta a gaɓar teku wajen Itapuã, kuma takardun hukuma na wannan shekara sun ambaci wani jagora da laƙabin malomi, wanda duk Bahaushe zai ji malami a cikinsa. A 1816 wuta ta sake tashi a yankin gonakin rake.

Mafi girma shi ne boren da ake kira na Malê, a daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi. A lokacin Yarbawa Musulmi sun fi yawa, su suka ja gaba, amma akwai Hausawa da Nufawa a ciki. Cikin malaman da aka tuhuma har da wani 'yantaccen Bahaushe mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará, yana koyar da karatu a shagonsa. Asiri ya tonu tun da dare, 'yan sanda suka dira gidan Manoel Calafate da tsakar dare, sai mutum wajen sittin suka fito da takubba, sanye da fararen riguna, layu a wuya. Suka nufi kurkukun da ke ƙarƙashin ginin hukumar birni don su kuɓutar da dattijon malaminsu Pacífico Licutan, wanda ba laifi ya yi ba, an tsare shi ne a matsayin jingina saboda bashin da ake bin ubangijinsa. Ba su samu sa'a ba. Kimanin mutum 600 suka yi ta fafatawa a titunan birnin har sojan doki suka tare su a Água de Meninos. An kashe fiye da 70 daga cikinsu. Bayan nan aka harbe huɗu, aka yanke wa Licutan bulala 1,000, aka kori ɗaruruwa zuwa Afirka.

Abin da 'yan sanda suka kwaso daga gidaje da aljihun gawarwaki shi ya fi taɓa ni: alluna, tawada, ƙananan takardu masu ayoyi da addu'o'i an naɗe su tamau an ɗinke cikin fata. Masu binciken ba su iya karanta ko harafi ɗaya ba, sai da suka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta musu. A ƙasar da yawancin fararen fata ma ba su iya karatu ba, ga bayi suna rubutu da hannunsu. Wasu daga cikin takardun suna ajiye har yau a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya, kuma masanin tarihi João José Reis ya gina shahararren littafinsa na 1986 a kan bayanan shari'ar. A ƙarshen shekarun 1840 ma, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi suka lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau, da yaƙin da aka kama kowannensu, da zango-zangon hanyar da aka bi da su zuwa teku. Ya buga bayanan a 1851. Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Zugu a ƙasar Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Ya yi bauta a Birazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854.

Waɗanda aka kora da waɗanda suka fanshi kansu suka dawo sun bar sawu a gaɓar Afirka ta Yamma. Su ne Aguda na Legas da Tabom na Akra. Masallacin Shitta-Bey na Legas da aka buɗe a 1894 magininsa ɗan Birazil ne da ya dawo, João Baptista da Costa, kuma babban masallacin Porto-Novo fasalin gine-ginen Bahiya gare shi. Shugaban Togo na farko, Sylvanus Olympio, daga irin wannan zuriya ya fito.

A ƙasashen da Sifaniya ta mallaka, yaƙin neman 'yancin kai ne ya buɗe ƙofa, kuma a nan ma butulcin ya fi fitowa fili. Da aka ci jagoran neman 'yancin, Simón Bolívar, da yaƙi ya rasa mafaka, Haiti ce ta karɓe shi, jamhuriyar da bayi suka kafa da takobinsu a 1804. Shugaba Alexandre Pétion ya ba shi makamai da jirage a 1816, bisa sharaɗin ya 'yanta bayi a duk inda ya ci. Baƙaƙe da ruwa biyu suka cika rundunarsa, suka cika kuma rundunar wani jagoran, San Martín, da ta tsallaka tsaunukan Andes a 1817. Amma ɗaya daga cikinsu, Janar Manuel Piar, wanda ya ci wa Bolívar yankin Guayana, harbe shi aka yi a 1817 bisa zargin yana neman tada yaƙin launin fata. José Prudencio Padilla, wanda ya karya rundunar ruwan Sifaniya a tafkin Maracaibo a 1823, shi ma an kashe shi a 1828. Bauta kuwa ba ta ƙare a Kolambiya ba sai 1852, Benezuwela da Peru sai 1854. A Meziko, Vicente Guerrero, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar, ya zama shugaban ƙasa a 1829, ya haramta bauta a wannan shekara, aka tumɓuke shi, aka harbe shi a 1831. A Ajantina, María Remedios del Valle ta yi yaƙi har ta sami muƙamin kyaftin, ta rasa miji da 'ya'ya a fagen fama, ta ƙare tana bara a titunan Buenos Aires kafin wani tsohon janar ya gane ta a nema mata fansho.

Kuba ta fi kowa nuna abin ƙarara. Mafi yawan sojojin da suka yaƙi Sifaniya a 1895 baƙaƙe ne da ruwa biyu, kuma babban gwarzonsu, Antonio Maceo, a fagen daga ya faɗi a 1896. Da 'yanci ya samu aka raba muƙamai, sai suka ga ba su a ciki. Tsofaffin sojoji suka kafa jam'iyyarsu a 1908, aka yi doka aka haramta ta, da suka yi bore a 1912 sojojin jamhuriyar da suka kafa da hannunsu suka kashe dubbai a gabashin tsibirin.

Birazil ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayun 1888, da doka mai sakin layi biyu. Ba gona, ba makaranta, ba diyya. A maimakon haka gwamnati ta zuba kuɗi wajen jigilar ma'aikata daga Italiya da Fotugal da Sifaniya da Jamus, sannan wata dokar 1890 ta hana 'yan Afirka da Asiya shigowa sai da izinin majalisa. Manufar ba a ɓoye take ba, sunanta ma farantar da al'umma. Akwai wani zane na 1895 da Modesto Brocos ya yi wanda ya tattara tunanin wuri ɗaya. A ƙofar wani gidan talaka, kaka baƙa wuluk tana tsaye ba takalmi, ta ɗaga hannuwa sama tana godiya. Kusa da ita 'yarta, wankan tarwaɗa, tana zaune da jariri a cinya. A gefe ga mijin 'yar, Bature, yana murmushi. Jaririn fari sol. Wannan zane shi wakilin Birazil João Batista de Lacerda ya sa a takardar da ya gabatar a wani taron duniya a Landan a 1911, inda ya yi hasashen cewa cikin shekara ɗari baƙar fata za ta ƙare a ƙasarsa. Wato addu'ar da aka sa wa kakar a baki ita ce kada jikanta ya yi kama da ita.

Wanda ya yi fice kuwa, sai a wanke shi bayan ransa. Machado de Assis, babban marubucin Birazil kuma shugaban farko na cibiyar adabin ƙasar, jikan 'yantattun bayi ne, amma takardar shaidar mutuwarsa a 1908 ta ce fari ne. Juan José Nieto ya shugabanci Kolambiya na wasu watanni a 1861. Aka haskaka fatarsa a hotonsa, duk da haka aka ƙi rataye shi cikin jerin shugabanni, sai a 2018 hotonsa ya shiga fadar gwamnati. Buenos Aires da ake yi wa kallon birnin Turawa zalla, a ƙidayar 1778 kusan sulusin mutanenta baƙaƙe ne da ruwa biyu. Yaƙe-yaƙe da annoba da kwararar baƙi daga Turai sun rage kasonsu, amma alƙalamin masu ƙidaya, da ya daina tambayar launi, shi ya ƙarasa aikin.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da al'adunsu ke mamaye ƙasashen. Dokar laifuka ta Birazil ta 1890 ta haramta capoeira, wasan kokawa da tsalle da bayi suka ƙirƙiro, 'yan sanda kuma suna kama makaɗan samba da sunan zaman kashe wando. Zuwa shekarun 1930 gwamnatin Getúlio Vargas ta mai da samba muryar ƙasa. Gidajen bautar Candomblé a Bahiya sai da izinin 'yan sanda suke buɗewa har zuwa 1976. Rumba da son na Kuba, cumbia ta Kolambiya, candombe na Yurugwai, bomba ta Puerto Rico, akwatin kiɗan cajón na Peru, har tango na Ajantina, duk akwai hannun baƙar fata a tushensu. Kiɗan ma ya sake tsallako teku ya dawo: fayafayan Kuba da suka shigo Kinshasa da Brazzaville a tsakiyar ƙarni na 20 su suka haifi rumbar Kongo da Franco da Tabu Ley suka yi suna da ita, kuma a 1974 Celia Cruz ta yi wasa a Kinshasa. A titunan Salvador, mata cikin fararen kaya da ɗankwali suna zaune gaban kasko suna suyar acarajé, wake ne da aka surfa aka markaɗa aka soya cikin manja, wato ƙosai, sai dai su sukan tsaga shi su cusa masa jatan lande da yaji. A cikin girke-girken Bahiya kuma akwai arroz de hauçá, shinkafar Hausa, wadda ake dafawa ta yi laushi a zuba mata soyayyen busasshen nama. Hausa ta mutu a bakin mutanen Bahiya tun farkon ƙarni na 20, amma sunan yana nan a tukunya.

Ƙwallo kowa ya san Pele da kofunan duniya uku na 1958 da 1962 da 1970. Abin da ba a cika sani ba shi ne a gasar Kudancin Amurka ta farko a 1916, Yurugwai ta sa baƙaƙe biyu, Isabelino Gradín da Juan Delgado, sai tawagar Chile ta kai ƙara wai an sa mata 'yan Afirka. Gradín ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Sai dai ina ganin akwai tarko a yawan ambaton ganga da ƙwallo, domin nan ne kaɗai masu mulki suka yarda baƙar fata ya haskaka. Alhali sun yi fice a wasu fagagen ma. Luiz Gama, haifaffen Salvador, mahaifinsa ne ya sayar da shi yana ɗan shekara 10. Ya koyi karatu da girmansa, ya koyi shari'a ba tare da shiga jami'a ba, ya 'yantar da bayi fiye da 500 a kotunan São Paulo. André Rebouças injiniya ne da ya tsara tashoshin ruwa a Rio, kuma tun kafin a soke bauta yake cewa sai an raba wa 'yantattu gona. Carolina Maria de Jesus tsintar takardu take yi a bola a unguwar marasa galihu ta São Paulo, littafin da ta rubuta na rayuwarta ta yau da kullum ya fito a 1960 aka fassara shi cikin harsuna da dama. Arturo Schomburg na Puerto Rico ya ƙarar da rayuwarsa yana tara littattafai da takardun tarihin baƙar fata, tarin da ya zama tushen babbar cibiyar bincike a Harlem. Baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya kuma ba Ba'amurke ba ne, Arnaldo Tamayo Méndez ne na Kuba, a 1980.

Akwai masu cewa ana zuzuta abin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Latin Amurka ba ta yi dokokin wariya irin na kudancin Amurka ko Afirka ta Kudu ba, auratayya gaskiya ce, kuma miliyoyin ruwa biyu ba sa ɗaukar kansu baƙaƙe. Haɗa su duka a jaka ɗaya, in ji su, aron ma'aunin Amurka ne. Littafin Gilberto Freyre na 1933 shi ya ba wannan ra'ayi ƙarfi, har aka riƙa kiran Birazil ƙasar da launi bai raba kowa ba. Na yarda ma'aunin Amurka bai dace da kowace ƙasa ba. Amma rashin doka a takarda bai hana abin aiki ba, sai ma ya sa wanda aka cuta ya rasa abin da zai nuna da yatsa. Rahoton Bankin Duniyar da na ambata ya ce 'yan asalin Afirka sun ninka sauran jama'a sau biyu da rabi wajen yiwuwar daɗewa cikin talauci. A Birazil, alƙaluman shekarun baya-bayan nan sun nuna fiye da kashi 80 na waɗanda 'yan sanda ke kashewa baƙaƙe ne da ruwa biyu. Ɗan sanda a bakin unguwa ba ya ruɗewa wajen gane wane ne baƙi.

A Najeriya aka yi ɗaya daga cikin manyan fafatawa kan wannan batu. Abdias do Nascimento, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata a Rio a 1944, yana koyarwa a Jami'ar Ife lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas. Ya rubuta takarda yana ƙaryata cewa babu wariya a ƙasarsa, gwamnatin sojan Birazil ta matsa aka ƙi karɓarta a taron. Ya raba ta hannu da hannu, aka buga ta a Ibadan. Shekara guda bayan haka aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata a São Paulo, da irin su Lélia Gonzalez a sahun gaba.

Gwagwarmayar ta yi tasiri. Birazil ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantu a 2003, a 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga 'yan makarantun gwamnati, da kaso na musamman ga baƙaƙe da ruwa biyu da 'yan asalin ƙasa. Zuwa 2018 baƙaƙe da ruwa biyu sun ɗan haura rabin ɗaliban jami'o'in gwamnati. Meziko ta amince da su a tsarin mulki a 2019, ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 2 da rabi. Epsy Campbell Barr ta zama mataimakiyar shugaban Kosta Rika a 2018, Francia Márquez, wadda ta taɓa aikatau a gidajen mutane, ta zama ta Kolambiya a 2022. Amma a Kolambiyar nan ƙidayar 2018 ta rage yawan baƙaƙe daga miliyan 4.3 zuwa ƙasa da miliyan 3, sai da aka je kotun tsarin mulki ta ce an tauye musu haƙƙi. A Rio kuma aka harbe kansila Marielle Franco a cikin motarta a watan Maris na 2018.

Inda aka fi jan ƙafa shi ne batun da Rebouças ya tayar tun ƙarni na 19, wato ƙasar noma. Kolambiya ta yi doka a 1993 da ta ba al'ummomin baƙar fata na gaɓar Pasifik mallakar filayensu a dunƙule, sai ga 'yan bindiga da masu haƙar zinariya da masu gonakin kwakwar manja sun shigo suna korar mutane daga filayen da aka ba su a takarda. Tsarin mulkin Birazil na 1988 ya yi wa zuriyar gudaddun bayi alkawarin takardar mallakar ƙauyukansu. Ƙidayar 2022, wadda ita ce ta farko da ta ƙirga su, ta sami mutum miliyan 1.3, kuma waɗanda ke zaune a filin da aka kammala ba shi takarda ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. A watan Agustan 2023 aka shiga gidan Bernadete Pacífico, shugabar ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka a wajen Salvador, aka harbe ta tana da shekara 72, shekara shida bayan an kashe ɗanta a yankin.